Wanda Mai Gyara Bai Sani Ba

Tsohon injinmu ya mutu ran Talata,
da ruwa a cikinsa, da rigunan Baltasar guda bakwai.
Shekara goma sha tara yana shanye mana ƙarnin kifi,
bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.
A ƙarshe-ƙarshen nan, in ya zo matsar kaya,
sai ya tako daga kusurwa har bakin ƙofa,
har maƙwabciyata Eduviges ta fito da jika a hannu
tana ihun girgizar ƙasa.
A Valparaíso ba a wasa da wannan kalma.

Na tsamo rigunan, na matse da hannu.
Yatsuna suka faɗa mini shekaruna.

Ran Alhamis na gangara gari da igiya a jaka,
ƙulli ɗaya faɗin ƙofa, ƙulli ɗaya kwanar matakala.
A kanti wani yaro mai ƙamshin turare
ya nuna mini wanda ke rera waƙa in ya gama,
da wanda ke hira da wayar hannu,
maɓallansa sun fi haƙoran bakina yawa.
Na ce, "Ɗana, ba mawaƙi na zo nema ba,
wando nake so ya fita."
Ya ja ni wurin mai araha, fari fat, kyan ɗan maciji.
Na ƙwanƙwasa gefensa,
ya amsa kamar gwangwanin madara.

Bayan kasuwa akwai rumfar Evaristo,
maƙabartar injuna, kowanne hanjinsa a waje.
Ban tambaye shi wanne ya fi ba.
Na ce, "Wanne ne ba ka sani ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau,
ya yi dariya har da tari.
"Kin zo da tambayar da za ta kashe mini kasuwa.
To, saurara. Iskar tekun nan gishiri ce,
ƙarfen banza ba ya kai damina uku.
Leƙa bayansa: in da noti aka ɗaure shi,
an yi shi ne don a gyara.
In liƙe shi aka yi, an yi shi ne don juji.
Kuma ki tambayi inda kayan gyaransa suke kwana,
a garin nan, ko sai jirgi ya ga dama."
Ya rubuta suna a bayan wani tsohon rasit.
"Wannan sau biyu na taɓa buɗe irinsa.
Ɗaya ma, kwabo ne ya maƙale."

Kuɗinsa ya ci rabin abin da Baltasar ke tarawa
don sabuwar koma.
Ya daɗe yana kallon takardar, bai ce uffan ba.
Can ya dubi hannuwana.
Ya ce, "Komar za ta iya jira."

Matakala ɗari da goma sha biyu ne zuwa gidanmu.
Shi da ɗan ƙanwarsa Anselmo suka ɗauko shi,
suna nishi, suna tsine wa nauyinsa,
ni kuwa ina gaba ina murna da nauyin.
A kwanar nan, yatsa biyu kacal ya rage.
Igiyata ba ta yi ƙarya ba.

Daren farko na ɗora kofin ruwa a kansa,
na ja kujera na zauna kamar mai jinya.
Ya wanke, ya ɗauraye, ya matse.
Ruwan ko motsin kirki bai yi ba.

Bayan sati biyu Eduviges ta buga ƙofa:
"Lafiya? Kun daina wanki ne?"
Na nuna mata igiyar shanya,
riguna bakwai suna ɗaga wa jirage hannu.

Amma wani lokacin, da tsakar dare,
nakan kasa kunne
ko zan ji tsohon yana takowa bakin ƙofa.